Takalman Auta a Bakin Gada

Litinin, bakwai na safe

Takalman Auta suna nan a bakin gadar da jiragen ruwa ke tsayawa, inda ya cire su ranar Alhamis. Silifas ne shuɗaye, na hagun ya cinye ta dunduniya saboda jan ƙafa. Mama ta yi faɗan jan ƙafar nan tun yana firamare har ya yi gemu ya yi aure, bai fasa ba.

Masu nutso ba sa taɓa takalmin wanda ya shiga ruwa sai ya fito ya sa abinsa da ƙafarsa. Ba a rubuta dokar a ko'ina ba, amma ko mai shara zagaye su yake yi da tsintsiya.

Jiya Manaja ya kira ni ofishinsa. Ya ce daga yau ba wanda zai sake nutso a gangaren nan na ƙarƙashin teku sai na ce a shiga, tunda ni ke kula da na'urorin da ke ƙarƙashin ruwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka san fa ƙanena ne a can ƙasa." Ya ce ya sani, shi ya sa ya tabbata ba zan yi wasa da aikin ba. Kofin shayinsa yake kallo har na fita.

Teku a kwance take kamar an bi ta da dutsen guga. Na ce a'a.

Litinin, biyar na yamma

Ba zan rubuta ranar Alhamis ba. Iya abin da kowa ya sani zan faɗa. Bututu muke shimfiɗawa daga tashar wuta, ya bi gangaren teku ya sauka inda ruwa ke da sanyi. Auta yana ƙasa yana ɗaure noti. Lakar gangaren ta zaftaro. Da aka jawo tiyon iskarsa, tiyon ne kawai ya hau.

An ɗaure jar jarka da igiya a daidai wurin don alama. Daga tagar ofishina ina ganin ta. Na juya teburina ya kalli bango, kafin azahar na sake juyo da shi.

Talata, goma na safe

Dogo ya zo. Shi ne shugaban masu nutso, shi ya koya wa Auta aikin. Ya ƙi zama, ya tsaya ya cika mini ƙofa.

"Injiniya, dubi ruwan nan don Allah. Ko kaza aka jefa za ta yi iyo ta dawo. Ki ba mu wuni ɗaya mu ɗauko shi."

Na san zai zo, don haka na taho da kwalba daga gida, rabi ruwa rabi man girki, cike har baki. Na kwantar da ita a tafin hannuna, na ɗan karkata ta. Sama ba ta nuna komai ba, amma inda man ya haɗu da ruwan sai tashi yake yana faɗuwa a hankali.

Na ce haka tekun nan take. Ruwan ɗumi a sama, na sanyi a ƙasa, kuma a lokacin zafi da babu iska ba sa gaurayuwa. Duk sa'ad da teku ta cika ta janye, raƙuman ruwa kan tashi a kan iyakar da ke tsakaninsu. Wasu sun fi gidan sama tsawo, amma na cikin jirgi ba zai ga komai ba. Su zo su fashe a jikin gangare, su danna laka su saki, su danna su saki, har ruwan da ke cikin lakar ya rasa hanyar fita, ta daina riƙe kanta.

Ya ce, "Ai mun san shi. Kana cikin aiki sai sanyi ya mare ka, can anjima ɗumi ya dawo. Bai taɓa kashe kowa ba."

Na ce ba sanyin nake tsoro ba. Lakar da ta zame ta bar 'yar'uwarta a rataye a sama, ba abin da ya tokare ta.

Ya daɗe yana kallon kwalbar. Ya ce, "Ni dai sama na iya karantawa. In sama ta kwanta a shiga, in ta tashi a haƙura. Haka aka koya mini, haka na koya masa." Na shiga gyara takardun da ba su buƙaci gyara ba.

Ya tambayi yaushe. Na ce in wata ya rabu biyu, cikar teku takan yi rauni, raƙuman ƙasa su lafa. Ya ce laka ba jiran wata take yi ba, kullum ƙara rufe shi take. Gaskiya ya faɗa.

Laraba, bakwai na safe

Ruwa lumui. A'a.

Laraba, shida na yamma

Na dawo gidan Mama da zama har abin nan ya wuce. Falo cike da mata, ba wadda ta san abin da za ta ce, don Mama ta hana a yi mata gaisuwa. Ta ce ba a yi mata gaisuwar ɗan da ba ta gani ba. Sai su zauna su yi hirar zafi da tsadar gawayi, su tashi suna gyara mayafi.

Akwai farin yadi a kan wardrob ɗinta, a cikin leda. Ban ga lokacin da ta saya ba.

Da suka watse ta kira ni.

"An ce ke kika hana."

"Ni ce, Mama."

"Ke kika goya shi."

"Ni ce."

"To gaya mini, da na'ura kuka sha nono ɗaya ko da shi?"

Na fara bayanin laka. Ta ɗaga mini hannu kamar yadda take yi wa mai talla.

Alhamis, bakwai na safe

A'a.

Alhamis, biyu na rana

Layin da ke kan allon kwamfutata, mai nuna ɗumi da sanyin ruwan ƙasa, ya tashi, ya faɗi, ya tashi. Sau biyu a rana ruwan ɗumi yakan sauko har ƙasan gangare, sannan na sanyi ya taso ya kore shi. Akwai wata na'urar da muka soka a cikin laka, ita ke gaya mini yadda ruwan cikinta ya matsu. Bayan kowane raƙumi ya kamata ta koma inda take. Ba ta komawa. Kullum tana ɗan tsayawa sama da jiya.

Na tsani layin nan. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi ba.

Abin dariya, a duk gidanmu ba mai tsoron sanyi kamar Auta. Da safa yake kwana a tsakiyar zafi. Da ya ce nutso zai koya, Mama ta yi dariya har da hawaye, ta ce wanda sai an dafa masa ruwan wanke fuska? Kullum da filas ɗinsa yake zuwa aiki, ya tsiyaya ruwan zafi a cikin rigar nutso kafin ya shiga. Abokan aikinsa suna ce masa Mai Jego. Filas ɗin yana nan a jirgi.

Jumma'a, bakwai na safe

Teku kamar faranti. Dogo da mutanensa suna zaune a gada da kayansu a gefe, suna kallon tagata. A'a.

Asabar, huɗu na yamma

Mama ta daina yi mini magana kai tsaye. Ta bakin matar Auta take aiko da saƙo, ko muna ɗaki ɗaya. "Ce wa yayarki ta rage fanka." "Tambayi yayarki ko za ta ci abinci, ko aikin hana mutane ya ƙosar da ita."

Matar Auta kuwa guga take yi. Ta goge rigunansa duka, ta sake fito da su ta goge. Yau na same ta a kicin tana wanke kofin da ba wanda ya sha komai a ciki. Ba ta juyo ba ta ce, "Yaya, matar Dogo ta zo jiya. Na ba ta ruwa, ya zube mata a zane don fargaba." Ta ajiye kofin. "Ni ma ina so a kawo shi. Amma kada ki bari wata ta zo ta zauna inda nake zaune."

Na riƙe bakin tebur. Ban yi kuka ba, ban san me ya hana ba.

Lahadi, bakwai na safe

A'a. An yi yayyafi, wani ya kifa bokiti a kan takalman.

Talata, shida da rabi na safe

Wata ya rabu biyu. Layin ya kwanta kamar yadda na ce. Na sauka gada da kaina, har ina tuntuɓe, na ce wa Dogo yau a shiga.

Ya nuna mini teku da haɓa.

Iska ta taso tun asuba. Jirgin yana dukan tayoyin gada, jarkar tana ɓacewa tana bayyana. Ya ce anka, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, ba za ta riƙe ba, kuma in jirgi ya ja, tiyon iska ya ja, to mutum biyu za mu nema maimakon ɗaya. Ya ce, "Yau ni na ce a'a, Injiniya. Kin ji yadda take a baki?"

Na ji.

Laraba, bakwai na safe

Ƙasa lafiya lau, sama ta haukace. Mako guda sama tana lallashin mu ƙasa tana jiran kisa, yanzu sun yi musaya. In da mutum ne ya shirya wannan, da na ce mugu ne.

Alhamis, bakwai na safe

Iska.

Jumma'a, uku na rana

Sun shiga.

Iskar ta faɗi da hantsi. Layina ya fara motsi amma bai yi ƙarfi ba tukuna. Na ce su shiga, su fito kafin teku ta juya. Na bi su a jirgin, na zauna kusa da injin iska, filas ɗin yana birgima yana dukan ƙafata.

Dogo ne ya sauka da kansa. Da ya fito ya cire gilashin fuska, ya zauna a bakin jirgi yana numfashi. Sai ya miƙo mini sifana. Auta yakan naɗa jan tef a duk kayan aikinsa, don ya ce abokansa ɓarayi ne masu sallama.

Ya ce ya ga ragowar tiyon ya shige cikin laka. Ya tona da hannu har kafaɗa. Ya ce ya taɓa bel ɗin dalmar da ke ƙugun Auta.



Ya ce hannu ba zai iya ba, duk abin da ya tona komawa yake. Amma in aka kawo injin zuƙar laka, wuni ɗaya ya isa. Manaja ya yi waya, an ce injin zai iso Litinin.

Litinin wata ya kusa cika, lokacin da cikar teku ke sake yin ƙarfi.

Jumma'a, bakwai na yamma

Na kai wa Mama sifanan. Ta juya shi, ta shafa tef ɗin da babban yatsa. Ta yi mini magana da bakinta, karo na farko tun Larabar waccan.

"Litinin ke nan?"

Na ce sai na ga abin da ruwa ya yi.

Ta sauko da ledar daga kan wardrob ta ajiye a kan gado.

Asabar, tara na safe

Layin yana tashi. Na'urar cikin laka ta wuce inda ta taɓa kaiwa.

Lahadi, biyar na yamma

Na zauna ina neman hanyar da zan ce e. Na ce ko na'urar ce ta lalace. Na gwada ta, lafiyarta ƙalau. Na ce ko su shiga tsakanin raƙumi da raƙumi. Amma injin zuƙar laka daga gindin gangare zai ci, wato daidai abin da ya rage yana tokare da ta sama. Na kira malamina na jami'a, na karanta masa abin da nake gani. Ya ce ba zai iya cewa gobe za ta zame ba, ba zai iya cewa baɗi ba. Ya ce, "Amma ni ba zan sa ɗana a ƙarƙashinta ba." Na ce ai nawa yana ƙarƙashinta tuni. Ya ba ni haƙuri, kamar shi ya yi.

Na gaji. Ina so wani ya karɓi bakin nan nawa ya yi magana da shi.

Litinin, takwas na safe

Injin ya iso. Teku ta kwanta, har ana ganin gajimare a cikinta.

Na ce a'a.

Dogo ya ce shi zai shiga, da izini ko babu. Ya ce bai taɓa barin mutum a ƙasa ba, ba kuma zai fara da wanda ya koya wa ɗaura bel ba. Mutum biyu suka miƙe za su bi shi. Na wuce su na shiga jirgin, na zare makullin injin iska na sa a jakata, na zauna a kan injin.

"Injiniya, tashi."

"Ba zan tashi ba."

"Ƙanenki ne fa! Na taɓa shi da hannun nan!"

"Na sani."

"Wuni ɗaya!"

"Na sani, Dogo."

Ya ɗaga hannu, na ɗauka mari ne, sai ya dafe kansa da shi. Wani daga baya ya ce wasu dai karatu ya cinye musu zuciya. Ban juya na ga ko wane ne ba. Manaja yana tsaye a tagar ofishinsa, da ya ga na ɗago sai ya saki labule.

Na zauna a kan injin har rana ta ƙona mini wuya.

Litinin, bakwai na yamma

Labari ya riga ni isa gida. An ajiye mini abinci a ƙofar ɗaki, a ƙasa.

Talata, bakwai na safe

A'a. Ba wanda ya zo tambaya ma. Na faɗa wa tagar.

Laraba, bakwai na safe

A'a. In lakar nan ba ta zame ba har shekara, ni ce wadda ta bar ƙanenta a ƙasa saboda zane a kan allo. In ta zame, ba shi har abada. Na rasa wanne nake roƙo.

Alhamis, goma sha ɗaya na safe

Ina shan ruwa a bakin taga, ina kallon jarkar. Ba iska, ba jirgi kusa. Sai ta nutse. Ba ta yi rawa ba, ba ta yi komai ba, kamar an ja ta da hannu daga ƙasa. Na jira ta fito.

Na juya ga kwamfuta. Na'urar cikin laka ta daina magana. Wata na'urar da ke ƙasa da ita ma haka.

Can sai ruwan wurin ya fara sauya launi, ya zama kamar shayi da madara, yana faɗi a hankali.

Alhamis, huɗu na yamma

Sun fita da jirgi sun auna zurfi. Inda Dogo ya tona, yanzu akwai laka a kai da ta fi tsawon sandar wutar lantarki. Babu injin da zai kai.

Dogo ya zo ya tsaya a ƙofa. Da sun shiga ranar Litinin, da ƙila sun gama sun fito da shi. Da ƙila injin ya jawo ta a kansu su uku. Ya sani, na sani, ba wanda zai taɓa sanin wanne. Bai ce na yi daidai ba, ban kuma so ya ce ba. Na ciro makullin na miƙa masa.

Ya ce, "Takalman fa? Ba mu taɓa yin wanda bai fito ba. Ban san wa zai ɗauka ba."

Na ce ni ma ban sani ba.

Jumma'a

Ban je aiki ba.

Asabar, biyar na yamma

Da safe Mama ta mayar da ledar kan wardrob. Ta sa mayafi, ta ce mini, ni, ba ta bakin kowa ba, "Kai ni wurin."

Ba ta taɓa zuwa gadar ba. Masu nutso suka miƙe tsaye da suka gan ta. Ta tafi har ƙarshe, ta tsaya kusa da bokitin. Ta ce in nuna mata daidai ina. Babu jarka, sai na nuna mata da yatsa, tsakanin wani jan jirgi da fitilar shiga tashar jiragen ruwa. Ruwan ya washe, ya kwanta, kyakkyawa da shi kamar bai san komai ba.

Ta daɗe tana kallo. Na shirya wa kowace irin magana, ban da wadda ta yi.

"Can ƙasan, da sanyi?"

Na san amsar fiye da kowa a duniya. Makonni ina kallon ta. Kuma Mama tana gane ƙaryata tun kafin in buɗe baki.

Na ce, "Da sanyi, Mama. Amma sau biyu a rana ruwan ɗumi yana saukowa daga sama ya bi ta kan wurin."

"Kullum?"

"Kullum. Safe da yamma."

"Ke kika gani?"

"Ni na gani. Shi nake kallo tun ranar."

Ban gaya mata cewa shi ne ya zaftaro lakar ba. Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "To, da sauƙi."

Ta sunkuya ta ɗage bokitin. Dogo ya yi motsi kamar zai hana ta, ya fasa. Ta cire takalmanta, ta zura ƙafafunta a cikin silifas ɗin, ta juya ta kama hanyar fita. Ta ce wa Dogo, ba tare da ta tsaya ba, gobe ƙofa a buɗe take ga masu gaisuwa.

Sun yi mata girma, dole sai da ta ja ƙafa. Na ɗauki nata na bi ta a baya, ina jin ƙarar a kan katako har ƙarshen gada.